Yaron Injiniya

Ranar da ma'aikatar ƙwadago ta aiko mana da sabuwar dokar rahoto, ranar na zama yaron shago. Ina da shekara sittin da ɗoriya, da furfura har a gira.

Aikin kamfaninmu ba shi da wuyar bayani. Idan baƙo ya zo daga wata ƙasa zai yi aiki, mu muke duba takardunsa, mu tabbatar aikin da ya ce yana yi shi yake yi, mu buga hatimi, ma'aikata ta ba shi izinin zama. Ɗaki biyu ne a saman wani shagon fenti, da fankar tebur guda mai juya kai kamar tana musun duk abin da aka faɗa. Mai kamfanin ƙanwar matata ce, kowa Manaja yake ce mata. Ta ɗauke ni aiki bayan na bar koyarwa, bayan kuma rasuwar yayarta, wai don kada in zauna a gida ina gardama da littattafai. Ni ke rubuta rahoto. A da sau ɗaya a shekara ake aikawa, kuma ban taɓa ganin alamar akwai mai rai a can yana karantawa ba.

Sabuwar dokar ta ce daga yanzu duk wata uku za a aika. Ta ce kowane baƙo dole ya kasance da ɗan ƙasa yana koyon aikin a hannunsa, a rubuta sunansa, a liƙa hotonsa, a faɗi inda ya kai. Matakai huɗu suka ba mu: ya fara, yana ci gaba, ya kusa, ya ƙware. Ba a yarda mai koyo ya wuce rahoto biyu a mataki ɗaya ba. Ranar da ya ƙware, baƙo ya gama abin da ya kawo shi, ba za a sabunta masa izini ba. Idan kuwa bai ajiye mai koyo ba, ko ya kasa koyar da shi, a janye izinin nan take.

Na karanta wa Manaja da ƙarfi, na ajiye tabarau.

"Wato in ya koyar a sallame shi, in bai koyar ba a kore shi," na ce. "Wanda ya rubuta wannan ya yi karatu, sai dai ban san me ya karanta ba."

"Yaya, ni dai ka cika mini gurabe," in ji ta. "Sharhin ka tafi da shi gida."

Manyan kamfanoni ba su sha wahala ba. Kafin mako ya zagayo kowane baƙo nasu ya samu ɗan ƙasa da hoto, wasu hotunan ma na tabbata na masu gadi ne. Mutum ɗaya ya rage mana, wani tsoho mai gyaran keken ɗinki a layin teloli. A takarda makaniki aka rubuta. Shi Injiniya yake kiran kansa, ya kuma dage har duk layin suka bi shi.

Na je na same shi. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Kawunan kekuna jere a kan kanta kamar marasa lafiya a layin asibiti, kowanne da ɗan ƙyalle ɗaure mai nuna na wane ne. Gwangwanayen madara cike da noti da kusoshi, warin man keke, da wata rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Shi kuma gajere, mai ƙaton tumbi da murya, ya fi shekara ashirin a layin amma har yanzu komai na ƙasarsu ya fi: ruwansu, ƙarfensu, har tsatsarsu ta fi tamu mutunci.

Na yi masa bayanin dokar. Ya saurara yana goge hannu.

"Ina yaranka?" na tambaye shi.

"Sun koma gyaran waya. Na ƙarshen ya ce mini keken ɗinki ba shi da gaba. Na ce masa, wandon da ke jikinka waya ce ta ɗinka?"

"To in ba a samu suna ba kafin ƙarshen wata, izininka ya tafi."

Ya dubi kekunan da ke kan kanta.

Manaja ce ta kawo maganar, da wasa, muna shan shayi. Ta ce doka ɗan ƙasa ta ce, ba ta ce matashi ba, ba ta ce mai fara'a ba. Ta ce da safe ba abin da nake yi a ofis sai gyara wa jarida rubutu da jan biro. Ita za ta sa hannu a rahoton, ni in je in koya.

"Yayarki ta yi shekara talatin tana ƙoƙarin koya mini sa maɓalli," na ce.

"Shi ya sa ka dace. Za ka daɗe kana koyo."

A nan na ga hikimar. Mai koyo mai saurin fahimta masifa ne ga Injiniya. Abin da yake bukata mutum ne da zai hau matakan nan kamar mai ciwon gwiwa. Na ba da hotona, wanda na ɗauka tun ina koyarwa, ina kallon mai hoto kamar bai yi aikin gida ba.

Washegari da na isa shagon, Injiniya ya miƙo mini tsintsiya.

"Yaro, fara da ƙofa."

"Na girme ka."

"A takarda ba haka aka rubuta ba. Ku ne masu takarda."

Na share. Telolin layin suka fito suna kallo, ɗaya har ya tsayar da ɗinki ya kira maƙwabcinsa. Daga ranar sunana ya ɓace a layin. Wanda ya koyar da rabin iyayensu lissafi ya koma yaron Injiniya. In na wuce sai wani ya ce, "Yaro, gaya wa maigidanka kekena yana tsallake." Ni kuma in ce masa kada ya zargi keke, ya duba hannunsa.

Watannin farko ban yi ƙarya a rahoto ba. Ya fara, na rubuta, kuma iyakar gaskiyar ke nan. Na kwance kan keke guda na mayar, noti uku suka rage a tebur. Injiniya ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana nuna wa rediyo.

"Ka ga mutumin da ya karanta littafi dubu. Kamfanin da ya ƙera keken nan ya yi almubazzaranci, shi ya zo ya gyara musu."

"Akwai littafin da ke bayanin keken nan," na ce. "Na samo shi. Ya ce ba haka ake ɗaure bel ba."

"Kawo littafin ya taka feda mu gani."

Na kawo. Muka yi kwana biyu muna gardama a kan wani zane, daga ƙarshe ya yanke hukuncin cewa mai littafin bai taɓa zuwa ƙasarsu ba. Amma na lura ya koma ɗaure bel yadda littafin ya ce, ya kuma fara gaya wa teloli wai sabuwar dabara ce da ya ƙirƙiro.

Abin da bai zo a littafin ba shi ne ji. Injiniya yakan sa tela ya taka keke, ya karkata kai, ya rufe ido, ya faɗi ciwon. Na ɗauka burga ce. Sai wata safiya wani tela yana takawa na ji wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin ƙarar, na ce gidan zaren ƙasa ya saki. Bakina ne ya faɗa kafin in yi shawara da shi. Injiniya ya buɗe ido ɗaya.

"Sa'a ce," ya ce. "Kada ka rubuta a rahoto."

Ban rubuta ba. Yana ci gaba, na sa, wata uku, na sake sawa.

Ban san lokacin da na fara fitowa daga gida kafin a buɗe shagon fenti ba. Tun rasuwar matata gidan ya zama wurin da nake ajiye takalmi. Ita tela ce, a gida take ɗinki. Kekenta yana nan a kusurwar ɗaki, lulluɓe da zanen da ta rufe shi da shi. A makon da ciwo ya kwantar da ita ya cije, ta ce in kai gyara, na ce sai ta tashi. Na faɗa wa Injiniya wannan wata rana, ban san me ya kai ni ba.

"Ya cije gaba ɗaya? Ko motsi?"

"Ko motsi."

"Rashin mai ne. Tsatsa ta kama shi. Ku mutanen nan ba ku san mai ba. Kawo shi."

"Ko gani ba ka yi ba."

"Ni Injiniya ne. Kawo shi."

"Ba ya damun kowa a inda yake."

Bai matsa ba, amma bai bari ba. Duk bayan 'yan kwanaki, in ya ga na yi shiru da yawa, sai ya ce, "Yaro, keken uwargida dai tsatsa ce." Ni kuma in ce masa likitan da ke duba mara lafiya daga wata unguwa, a ƙasarsu kaɗai ake ba shi lasisi.

A cikin shekara ta biyu ya fara miƙo mini allura. "Zura zaren nan, aikin yara ne." Daga nan ƙananan noti ma suka zama aikin yara. Daga nan duk abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Shi ya koma zama a bakin ƙofa yana ji, yana ba da umarni, yana faɗa wa masu wucewa yadda ya sha wahala da ni. Na ga yadda yake lalubar sukundireba a tebur kafin ya kama, na kawar da kai. Mutumin da ya ce tsatsar ƙasarsu ta fi tamu ba a ce masa idonsa ya yi rauni.

Ya kusa, na rubuta. Bayan wata uku na sake rubutawa. Matakai suka ƙare, saura ɗaya.

Na kwashe kwanaki ina karanta dokar kamar mai neman kuskure a takardar jarrabawa, na kuwa samu. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an ce idan jami'in ma'aikata ya zo da kansa ya ga mai koyo yana da jinkirin fahimta, ba laifin mai koyarwa ba, ana iya mayar da shi matakin farko a sake lissafi. Na kai wa Manaja.

"Wato kana so gwamnati ta tabbatar a rubuce cewa kai daƙiƙi ne," in ji ta.

"Da hatimi."

"Allah ya jiƙan yayata. Da ta sa an yi wa takardar gilashi ta rataye a falo."

Na gaya wa Injiniya shirin. Ya yi dariya har tumbinsa ya ture gwangwanin noti.

"Ba sai ka yi wani ƙoƙari ba, yaro. Ka zo yadda kake."

Manaja ta nemi ma'aikata ta turo jami'i. Jami'ar da suka aiko yarinya ce a idona, ba za ta wuce sa'ar ɗalibaina na ƙarshe ba, da jaka da biro da takalmin da bai saba da layin teloli ba. Ta gaishe mu da ladabi, ta dubi hoton da ke takarda, ta dube ni.

"Baba, kai ne mai koyon?"

"Ni ne, 'yata. Ana ta fama."

Ta nuna wani keke ta ce in sa masa allura in gwada ɗinki. Na ɗauki allurar na juya ta baibai, na tura. Na zura zare ta inda ba a zurawa. Na nemi sukundireba alhali tana hannuna. Na taɓa koyar da yara wasan kwaikwayo, kuma ban taɓa samun ɗalibin da ya kai ni a ranar ba. Teloli biyu da suka leƙo suka koma da sauri, na ji ɗaya yana tari a shagonsa.

Jami'ar ta rubuta, ta rubuta, sannan ta juya ga Injiniya. Ba da rashin kunya ta yi maganar ba, da tausayi ne, wanda ya fi muni.

"Shekara ɗaya da rabi, ko allura bai iya sawa ba? Kada ka damu, Baba. Wani lokacin mutum ya iya aiki amma koyarwa daban ce. Amma zan rubuta cewa matsalar daga wajen mai koyon take."

Na ga wuyan Injiniya ya kumbura. Na yi masa alama da ido. Na manta ba ya ganin alama daga nisan nan.

Ya tashi, ya jawo wani keke na wata tela da na gama gyarawa jiya, ya laluba ƙarƙashinsa ya murɗa wani abu, ya zauna ya fara takawa. Ba ƙyalle, ba zare. Ƙarar ta fito kamar ana tauna tsakuwa.

"'Yata, kalli fuskarsa," ya ce. "Kada ki kalle ni."

Na kalli rufi. Na kalli rediyo. Ya ƙara sauri. Haƙoran keken, waɗanda ke jan ƙyalle, suna gugar farantin ƙarfe, kuma na san in aka ci gaba haka za su zube, na san kuma matar da ke da shi da keken take ciyar da 'ya'yanta.

"Yaro, me ke damunsa?"

"Ban sani ba."

"To bari mu ci gaba har ya faɗa mana da kansa."

Ban tuna na tashi ba. Na dai ga hannuna ya riƙe ƙafar keken, ɗayan ya shiga ƙarƙashi da sukundireba, na sauke haƙoran, na ɗaure, na juya a hankali na ji ƙarar ta koma yadda take. Ina cewa, "Ka haukace? Ka san wahalar samun haƙoran irin wannan?" sai na tuna jami'ar tana kallona.

Jami'ar ta soke abin da ta rubuta da layi ɗaya, mai kyau, madaidaici. Duk wanda ya koya mata jan layi ya yi aikinsa.

Da ta tafi na zauna a kan benci. Injiniya ya mari rediyo, ta ƙi magana, ya bar ta.

"Ka san abin da ka yi?" na ce.

"A rubuta a takardar gwamnati cewa yarona daƙiƙi ne? In koma ƙasarmu da wannan?"

"Ai da ba ka koma ba. Shi ne duk abin da ake ta yi."

Ya daɗe yana goge hannun da ba shi da datti.

"Rabona da ganin ramin allura tun kafin ka zo," ya ce. "Da can lalube nake yi. 'Yata ta gaji da kira, ta ce akwai ɗaki, akwai jikoki da ba su san muryata ba."

"Sun huta."

"Abin da ya riƙe ni layin nan ne. In na tafi wa zai ji musu keke?"

"Da ka faɗa tun farko, da na huta da wasan kwaikwayo."

"Da na faɗa da ka daina koyo. Na san irinku. Sai ka ƙi iyawa don kada a bar ka kai kaɗai."

Na ce masa wannan magana ba ta da tushe. Ya ce ba a littafi ya karanta ba, shi ya sa.

Ni na rubuta rahoton ƙarshe. Gurbi ɗaya ne, kalma biyu. Manaja ta tsaya a bayana da biro tana jiran sa hannu, ba ta yi wasa ba, abin da ban taɓa gani ba tun tana 'yar makaranta tana zuwa gidanmu hutu.

"Yaya, in kana so in rubuta da kaina."

"Rubutunki ba ya karantuwa."

Ya ƙware, na sa. A duk rahotannin da na aika wa ma'aikatar nan, shi kaɗai aka amsa. Suka aiko da takardar yabo ga kamfanin, wai mun zama abin koyi wajen miƙa sana'a ga matasa.

Ma'aikata ta ba shi wata guda ya haɗa kayansa. Ya bar mini shagon da gwangwanaye da rediyo, ya yi ta zagaya layi yana gaya wa teloli su yi haƙuri da ni, ina da hannu amma ba ni da hali. Ya ce ranar Asabar zai tafi, in zo in ɗaukar masa jaka zuwa tasha tunda aikin yara ne.

Ranar Juma'a da hantsi ban fita ba. Na ɗage zanen da ke kan keken matata. Ƙura ta tashi, da ɗan ƙamshin sabulun da take wanki da shi, ko kuma hancina ne ya ƙirƙira. Na taɓa ƙafar keken, a cije kamar yadda ta bar shi. Na kwantar da kan keken na buɗe ƙasa. Ƙarfen fes, yana sheƙi, ko ɗigon tsatsa babu. Matar nan ba ta taɓa barin kekenta da ƙishin mai ba. Can cikin gidan zaren ƙasa na ga abin: ɗan guntun zare kore, bai kai tsawon farce ba, ya naɗe ya shaƙe komai. Na tuna rigar da take ɗinkawa a makon. Na zare shi da bakin allura, na taka feda, keken ya tashi da muryarsa ta da, wadda na yi shekara talatin ina cewa tana hana ni karatu.

Na daɗe ina takawa. Sannan na naɗe zaren a takarda na sa a aljihu, na nufi layin teloli ina shirya yadda zan faɗa, a gaban mutane, a hankali, don kowa ya ji.

Na tarar da shagon a rufe. Telan da ke kusa ya miƙo mini makulli. Ya ce Injiniya ya bi motar safe, wai ta Asabar cika take yi, wai kuma ba ya son yaro ya yi masa kuka a tasha. Na kira lambarsa, ta shiga sau ɗaya a hanya ba a ɗauka ba, daga washegari ta daina shiga. Na duba adireshinsa na gida a fayil, wanda kamfaninmu ya yi shekaru yana buga wa hatimi. Sunan gari ne kawai, sai a ƙasa an rubuta: a tambayi Injiniya.

Manaja ta ce in aika wasiƙa haka nan, wataƙila ta isa. Ba maganar wasiƙa ba ce. Wani zai karanta masa, kuma ni ba zan ga wuyan nan yana kumbura ba.

Zaren yana cikin gwangwanin ƙananan noti, a kan kanta. Maganar ma tana nan yadda na shirya ta.

Ba tsatsa ba ce, maigida. Zare ne.